Ladubban cin abinci a Ingila, daga bakin mai kwashe faranti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwa masu shirin zuwa Ingila karatu ko aiki, musamman masu zuwa a watan Satumba, lokacin da jami'o'in nan ke buɗe sabuwar shekarar karatu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan tambayar da samari da 'yan mata ke yi mini kan cin abinci da Turawa, kuma duk wanda ya tambaya sai ka ji fargaba a muryarsa. Masu koyar da ladubban tebur a intanet sun jera musu cokula da wuƙaƙe birjik, sun nuna musu cewa wanda ya kuskura ya ɗauki wanda ba shi ba, to mutuncinsa ya gama zubewa. Har kuɗi wasu ke biya a koya musu wannan tsoron.

Ni aikin sabis na yi. Na fara tun ina ɗalibi, da dare in sa baƙin wando da farar riga in je in ɗauki faranti, har na zama mai kula da masu sabis a ɗakunan liyafa a Leeds da Landan da wata tsohuwar kwaleji. Mai cin abinci farantinsa kawai yake gani, amma wanda ke tsaye a bayan kujera yana ganin na mutum ɗari biyu a lokaci guda. Daga can bayan kujera na fahimci cewa dokokin nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda saƙo ne tsakaninka da mai sabis da wanda ke zaune kusa da kai, kuma waɗannan ba su da yawa, cikin yini ɗaya mutum zai iya su. Sauran kuwa ado ne da Turawan suka ƙirƙira don su riƙa gane wane ɗan gidan wane ne, su kansu ma ba su daidaita a kansu ba.

Bari in fara da na farkon. Teburin liyafa yawanci zagayayye ne, na mutum takwas ko goma, kuma a matse. Ƙaramin farantin burodi da ke hagunka shi ne naka, kofunan gilashi da ke damanka su ne naka. Idan ka ɗauki burodin da ke damanka, na maƙwabcinka ka ci. Shi kuma, da yake Baturen Ingila ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ce maka wannan nawa ne, sai ya miƙa hannu ya ɗauki na gaba, na gaban ma haka, har a iso kan wadda ta riga ta fara cin nata. A nan sai wani bawan Allah ya tashi a tutar babu, alhali ga faranti guda can a wancan ɓangaren ba mai shi. Kusan kowace liyafa sai na ga haka, kuma sau da yawa wanda ya tada zaune tsayen Bature ne haifaffen yankin Surrey na Ingila.

Cokula da wuƙaƙen da ke tsorata mutane su ne ma mafi sauƙi, domin mu muka jera su bisa tsarin abincin da zai fito daga kicin. Ka fara da na can waje, duk abincin da aka kawo ka matso ciki. Cokali da ƙaramin cokali mai yatsu da ke kwance a saman faranti na kayan zaƙi ne, sai a ƙarshe. Idan ka ɗauki wanda ba shi ba, mai sabis zai ajiye maka wani shiru ba tare da kowa ya lura ba, don haka ake biyansa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda kake ajiye su. Idan hutawa ka yi ko kana magana, ka ajiye wuƙa da cokali mai yatsu a kan faranti a buɗe, bakinsu ya haɗu a tsakiya, ƙotocinsu a ware. Idan ka gama, ka haɗa su wuri ɗaya a miƙe, ƙotoci suna fuskantarka kamar hannuwan agogo a ƙarfe shida da rabi, kaifin wuƙa yana kallon ciki, yatsun cokali suna sama. Daga ƙofar kicin muke hango wannan. A tsarin Ingila ba a kwashe farantin kowa sai duk mutanen teburin sun gama, saboda haka wanda ya ƙoshi amma ya bar cokulansa a warwatse ya tsare mutum tara, ya tsare mu, ya tsare kuku da ke can yana kallon kifin mutum ɗari biyu yana bushewa a ƙarƙashin fitila. Na taɓa ganin babban kuku ya kusa kuka saboda wani farfesa da ya kama labari ya manta da farantinsa.

A irin sabis na gargajiya, mai sabis zai zo ta hagunka da babban faranti ya zuba maka, abin sha kuma ta dama yake zuwa, ta dama ake kwashewa. Ka ɗan kauce kaɗan, kada ka ɗaga farantinka ka miƙa, kada kuma ka tattara faranti ɗaya kan ɗaya da niyyar taimako, akwai yadda muke ɗora su a hannu. Adiko a kan cinya yake zama. Cokalin da ya taɓa abinci ba ya komawa kan mayafin tebur. Ba a fara ci sai an zuba wa kowa, sai fa in mai gida ya ce a fara kada ya huce. Ba a miƙa hannu ta gaban mutum, a roƙe shi ya miƙo, kuma in an ce ka miƙo gishiri sai ka haɗa da masoro, tare suke tafiya. Ba a tauna baki buɗe, ba a kurɓar romo da ƙara, ba a gyatsa, ba a sakace a tebur. Iyakar abin ke nan, Malam Edita. Wanda ya riƙe waɗannan zai ci abinci a ko'ina a Ingila ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi.

To ina tarin cokulan nan suka fito? Ba su da daɗewar da ake zato. A zamanin Sarki Henry na Takwas da hannu da wuƙa da cokali ake ci a fada, ana zagayawa da buta da tasa a wanke hannu. Wani matafiyi mutumin Somerset, Thomas Coryat, shi ya ga cokali mai yatsu a Italiya a 1608, ya ba da labarinsa a rubuce a 1611, ya kuma riƙa amfani da shi a gida, abokansa suna yi masa dariya. Sai a ƙarni na 18 abin ya zama ruwan dare. Ko a lokacin ma, duk abincin ake jerawa a tebur gaba ɗaya, kowa ya ɗebi na kusa da shi. Tsarin kawo abinci kala bayan kala, kowanne da farantinsa da cokalinsa, na Rasha ne. Ana danganta shigowarsa Faransa da jakadan Rasha a Paris, Yarima Alexander Kurakin, wajajen 1810, kuma sai bayan tsakiyar ƙarni na 19 ya kankama a gidajen Ingila. Wannan tsari yana cin ma'aikata da yawa da cokula da yawa, shi ya sa ya yi wa masu son nuna arziki daɗi. Ana cikin haka, a 1840 'yan gidan Elkington na Birmingham suka yi rajistar dabarar shafa wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki. Nan da nan mai masaƙa a Manchester da mai shago a Bristol suka iya sayen cokulan da ke ƙyalli kamar na gidan sarauta, maƙeran Sheffield kuwa suka shiga ƙirƙiro cokali na musamman ga kowane irin abinci don a yi ta saye.

Wuƙar kifi ita ce ta fi ba ni dariya. Wuƙar ƙarfe ta da, in ta haɗu da kifi da lemon tsami, tana ɓata ɗanɗano, sai aka ƙera ta azurfa mai faɗin baki. Amma tsofaffin gidajen sarauta da suka gaji cokulansu tun kafin a ƙirƙiro ta ba su da ita, da cokali mai yatsu guda biyu suke cin kifi, ko da guda ɗaya da ɗan ɓawon burodi. Sai ya zamana duk gidan da aka ga wuƙar kifi, an gane ke nan sayen kayansu suka yi, ba gado ba. Wato abin da aka sayo don a nuna wayewa shi ya koma tonon asiri. Da Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield a 1913, dalilin yin wuƙar ma ya kau, amma har gobe muna jera ta a otal. Wanda ya san wannan tarihin, yaya za a yi ya bari wuƙar kifi ta hana shi barci?

Tsarin yana nan da ransa a inda aka gina shi. A liyafar ƙasa a Fadar Buckingham, irin wadda aka yi wa Janar Gowon a 1973 da Alhaji Shehu Shagari a 1981, ana zaunar da baƙi wajen 170, kowanne da kofin gilashi shida, ana auna tazarar wurin zaman kowa da sanda, santimita 46, kuma har yanzu da kayan azurfar Sarki George na Huɗu ake amfani. A kwalejojin Oxford da Cambridge ɗalibai na sa rigar digiri su ci abincin dare, a miƙe tsaye in malamai sun shigo, a karanta addu'a da Latinanci, malaman su hau teburinsu da ke kan dandamali. Masu karatun lauya kuma za su tarar cewa cin abinci a ɗaya daga cikin majalisun lauyoyi huɗu na Landan, wato Lincoln's Inn da Gray's Inn da Inner Temple da Middle Temple, tsohon sharaɗi ne na zama barista, ko da yake yanzu an cakuɗa shi da lacca da horo. Amma mafi yawan mutanen Ingila, mafi yawan darare, a kan kujerar falo suke cin abinci da faranti a cinya suna kallon talabijin. A 2001 ministan harkokin wajen Birtaniya na lokacin, Robin Cook, ya kira kazar tikka masala, wani girki irin na Indiya, abincin ƙasa, kuma in ka shiga gidajen abinci na Bradford za ka ga Turawa suna yagar gurasar capati da hannu suna dangwalar miya.

Yanzu ga maganar da ta fi damun 'yan uwa Musulmi, wadda masu koyarwar nan ke tsallakewa. A tsarin Ingila wuƙa tana hannun dama, cokali mai yatsu yana hannun hagu, yatsunsa suna kallon ƙasa, ɗan ali a miƙe a bayansa, kuma shi ke kai loma baki. Ma'ana da hagu ake ci. Mu kuwa mun san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro: ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Na taɓa yi wa wata 'yar uwa likita sabis a liyafar ƙarshen shekara ta wani asibiti. Tun daga romo har kayan zaƙi ina lura da ita, romo ta sha, burodi ta ci, da aka kawo kifi sai ta yi ta jujjuya shi a faranti har aka kwashe. Daga baya a bakin ƙofa ta gaya mini ba ta iya kai hagu baki, tana kuma jin nauyin a ga ta juya. Abin ya tsaya mini a rai, domin da ta duba teburin da ke bayanta, da ta ga babban likitan tiyata, bahago, riƙe da wuƙa a hagu da cokali a dama yana ta zuba labari.

Mafita biyu ce, dukkansu na gani an yi ba tare da ko ɗaga gira ba. Ta farko, ka juya: wuƙa a hagu, cokali mai yatsu a dama. Kada ka tsaya sake jera kayan teburin gaba ɗaya, in an kawo abinci kawai ka ɗauki guda biyun da suka dace ka musanya su a hannu. Yanka nama da hagu yana son sabo, saboda haka a gwada a gida kafin ranar. Farantin burodinka yana nan a hagu, kofunanka a dama, wannan ba ya canzawa. Ta biyu, ka yanka loma biyu ko uku da wuƙa a dama, ka ajiye ta a gefen faranti, ka mai da cokalin dama ka ci. Haka Amurkawa ke yi, iyaka a ɗauka a can ka yi karatu. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka yayyanka naman duka lokaci ɗaya, wannan yara ake yi wa. Ban da haka, dokar Ingilan kanta ta yarda cewa abincin da ba ya bukatar wuƙa, kamar shinkafa ko taliya, da cokali mai yatsu a hannun dama ake cinsa. Cokalin romo a dama yake, na kayan zaƙi ma haka. Burodi kuwa ba a yanka shi, da hannu ake gutsura, a shafa wa lomar bota, a kai baki da hannun da aka ga dama. In wani ya tambaye ka, wanda da wuya, ka ce haka ka saba, ko ka ce addininka ne, jimla ɗaya ta isa. Tebur ba wurin wa'azi ba ne, su ma ba za su ja zancen ba.

Abin da ke cikin farantin ya fi hannun da ya ɗauko shi bukatar sa ido. Duk takardar gayyata ta kirki tana tambayar ko akwai abin da ba ka ci. Ka amsa tun da wuri, a rubuce. Mu a wajenmu wanda ya faɗa mako biyu kafin liyafa ya taimake mu, wanda ya bari sai an ajiye masa faranti shi ne ya ɗaure mana hannu. Inda babu naman halal, ka zaɓi kifi ko abincin marasa cin nama, ka kuma ce ba ka son wanda aka dafa da giya, domin tana shiga romon nama da miyar kifi da kayan zaƙi. Akwai wani haɗin kek da kastad da kirim da ake jiƙawa da giyar sheri, fudin ɗin Kirsimeti kuma, wani kayan zaƙi mai kama da kek, giyar burandi ake zuba masa a kunna wuta. Baƙin fudin da ake sawa a karin kumallo jinin alade ne da hatsi, ba kayan zaƙi ba, fudin ɗin Yorkshire kuwa fulawa ce da ƙwai da madara, amma bisa al'ada a kitsen sa ake gasa shi. Jelatin ma, abin da ake sa wa kayan zaƙi su daskare, yawanci daga alade ko sa yake. Tun Disamba 2014 doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane rashin lafiya, irin su gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da kifi. A lura, naman alade da giya ba sa cikin jerin nan, saboda haka sai ka tambaya da bakinka. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai sabis ya saba da tambayoyin da suka fi naka tsawo.

Idan mai zuba giya ya zo, ka ce a'a, na gode, shi ke nan. Kada ka kife kofi. A manyan liyafa, bayan an gama ci, shugaban taro zai miƙe ya ambaci Sarki, kowa ya miƙe ya ɗaga kofi ya maimaita, ya kurɓa, ya zauna. Da ruwa ko lemo ma ana yi, ba a kuma gwara kofuna. A da wannan ne lokacin da ake ba da izinin kunna taba, kafin dokar 1 ga Yuli 2007 ta hana shan ta a cikin gine-ginen jama'a. Daga nan tulun wata giya mai zaƙi ta ƙasar Fotugal zai fara zagaya tebur, kullum ta hagu. Wanda ba ya sha sai ya bar shi ya wuce, ko ya raɗa wa mai sabis tun farko a tsallake shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zama a irin wannan teburin ba, yana da damar neman uzuri tun a takardar gayyata, wannan tsakaninsa da malaminsa ne, ni yadda abin ke gudana kawai nake faɗa.

A ganina inda baƙo ya fi yin tuntuɓe shi ne gidajen mutane, inda babu cokali shida, babu mai sabis. In an ce ƙarfe bakwai da rabi, ka isa bayan minti biyar zuwa goma, kada ka riga lokaci ka tarar da matar gida da tsumma a hannu, kada kuma ka wuce kwata ba ka yi waya ba. In kati ya ce bakwai da rabi domin takwas, to tsakanin nan ake taruwa, takwas daidai ake zama. Kai kaɗai aka gayyata sai in an ambaci wani, domin kujeru a ƙirge suke, yankan nama ma a ƙirge. Ka riƙo ɗan abu, su kwalbar giya suke kaiwa, cakulan ko furanni sun wadatar. Sannan babbar magana: a'a a wajensu a'a ce. In an ce za ka ƙara, ka ce ka ƙoshi don kara, to an ɗauke tukunya, ba mai sake tambaya. Na san wani ɗalibi da ya yi hutun Kirsimeti a wani ƙauyen Norfolk gidan abokinsa, ya dawo ya rame, yana cewa mutanen marowata ne, su kuma can suna ta damuwa wai abincinsu bai yi masa ba. Ka ɗebi abin da za ka iya cinyewa. Tsofaffin da suka tashi a zamanin rabon abinci da kati, wanda aka fara a 1940 ba a gama ɗage shi ba sai 1954, ba sa son ganin an bar saura, kuma sun koya wa 'ya'yansu haka. Ka yaba abincin, ka yi tayin taimakawa da wanke-wanke, kashegari ka aika da saƙon godiya, in tsofaffi ne da ɗan kati ta gidan waya.

Hira ma aiki ce a teburinsu. A liyafa ana raba miji da mata, a zaunar da mace tsakanin maza biyu, kuma ana sa ran ka yi magana da na hagunka da na damanka, ba ka juya wa ɗaya baya har a tashi ba. Ba a tambayar albashi, ko kuɗin gida, ko dalilin da ya sa mutum bai yi aure ba. Waya ta zauna a aljihu.

Shayi ba zan daɗe a kansa ba, an cika yi masa ƙari. Shan shayin la'asar da kek da sanwic ana danganta shi da Anna, matar Duke na Bedford, wajajen 1840, wadda yunwa ke kamawa tsakanin abincin rana da na ƙarfe takwas na dare. Yau galibi masu yawon buɗe ido ne da masu bikin ranar haihuwa ke zuwa otal su biya fam hamsin ko fiye. Ɗaga ƙaramin yatsa yayin riƙe kofi abin dariya ne a wajensu. Mutanen Devon suna fara shafa wa sikon, wani ɗan burodi da ake shan shayi da shi, kirim sannan jam, na Cornwall jam sannan kirim, kuma ba ranar da za su sasanta. Abin amfani shi ne, idan mutumin Yorkshire ko Lancashire ya ce ka zo shayi ƙarfe shida, cikakken abincin dare yake nufi, kada ka ci ka ƙoshi kafin ka je.

Saura gidan abinci, inda nake da ƙorafi irin na mai sana'a. Ba a kiran mai sabis da tafi, ko ƙyasta yatsu, ko ƙwanƙwasa kofi. Ka haɗa ido da shi, ka ɗan ɗaga hannu, ka ce don Allah, in ya ajiye ka ce na gode, ko sau ashirin ne. Na yi wa manyan kamfanoni sabis a cin abincin da suke gayyatar masu neman aiki, na kuma ji abin da manyan ke tattaunawa bayan yaran sun fita. Ban taɓa jin an ambaci cokalin da wani ya ɗauka ba, amma na sha jin an ambaci yadda wani ya yi wa yarinyar da ke zuba ruwa magana. Har ni an taɓa juyowa an tambaye ni yaya na ga wane.

In abokai suka fita tare, raba kuɗi ake yi, ko daidai wa daida ko kowa ya biya abin da ya ci, kuma wanda bai sha giya ba yana iya cewa a cire masa, ba abin kunya ba ne. In wani ya ce shi ya gayyata, musamman a harkar aiki, ka bar shi ya biya, ba a kokawa kan rasit. A mashaya kuwa, inda abokan aiki ke yawan zuwa cin abincin rana, ba mai zuwa teburinka, kai za ka je kanta ka faɗi abin da kake so da lambar teburinka ka biya nan take, ba a ba da tukuici. A gidan abinci na zama, musamman a Landan, za ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin 100 a ƙasan rasit, kuɗin sabis. Ba dole ba ne, in an yi maka sakaci kana iya cewa a cire, in kuma an riga an sa shi ba sai ka ƙara komai ba. Inda ba a sa ba, kashi 10 ya yi. Shekaru da yawa wasu masu gidajen abinci suna yankar wani abu daga wannan kuɗi kafin ya iso hannunmu, shi ya sa tsofaffin kwastomomi ke danƙa wa mai sabis tsabar kuɗi a hannu. Daga 1 ga Oktoba 2024 doka ta tilasta a miƙa wa ma'aikata tukuicinsu gaba ɗaya, saboda haka yanzu ko da kati ka biya, zai kai ga masu shi, har da yaran da ke wanke tukwane a baya, a gidajen da ake rabawa da kicin.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon ɗan sabis, mai karanta ku daga Leeds, Ingila.